Jinjina ga masanan gawayi, amma da sauran rina a kaba

Yabon gwani ya zama dole, kuma gwanayen da nake son jinjina wa yau ba kasafai ake jin sunayensu a rediyo ba. Mutane ne da suka ɗauki gawayi, wannan baƙin abu da muke hura wuta da shi, muke zubawa a dutsen guga, suka shafe shekaru suna nazarin yadda za a sa shi ya tare ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan sha. Wasunsu suna manyan ɗakunan bincike a Amurka da Indiya, wasu maginan tukwane ne a Gwatamala da Kambodiya da Tamale, wasu kuma ɗalibai ne da malamai a jami'o'inmu, masu ƙona buntun shinkafa da ɓawon gyada suna auna abin da ya fito. Dukkansu sun cancanci a miƙe tsaye a gaishe su.

Wanda bai ga dalilin yabon ba, ya tuna da shekarar 2021. A waccan shekara hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a Najeriya ta ƙidaya mutum sama da dubu 111 da ake zaton sun kamu da kwalara, kuma fiye da 3,600 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne suka fi jin jiki, yara 'yan shekara 5 zuwa 14 kuma su ne suka fi yawa a cikin waɗanda suka kamu. Hanyar kwalara sananniya ce. Daga bayan gidan mai ɗauke da ita take fita, ta faɗa rijiya ko kududdufi ko jarkar ɗan garuwa, ta bi moɗa ta shiga cikin ɗan wani. Haka taifot take yi, haka atuni, haka yawancin gudawar da ke ƙarar da ƙananan yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 aƙalla mutum biliyan 1.7 ne ke ɗiban ruwan sha daga wurin da bayan gida ya gurɓata. Duk wanda ya ba da ƙuruciyarsa da hasken idonsa wajen toshe wannan hanya, aikin ceton rai yake yi, ko da a tsakanin kwalabe da ma'aunai yake yinsa.

Sanin cewa gawayi yana gyara ruwa ya daɗe. A 1773 Carl Scheele, wani mai haɗa magunguna a ƙasar Suwidin, ya lura gawayi yana zuƙe iskar gas. A 1785 Tobias Lowitz, a birnin St. Petersburg na Rasha, ya gano yana cire launi daga ruwa, daga baya ya nuna yana gyara ruwan da ya yi wari. A 1900 da 1901 Raphael Ostrejko ya yi rajistar hanyoyin sarrafa gawayi don a ninka ƙarfinsa, a 1915 kuma Nikolai Zelinsky ya cusa irin wannan gawayi a takunkumin fuska don kare sojoji daga iska mai guba a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yau ana samunsa a matatun ruwa na birane, da masana'antun sukari, da asibitoci inda ake ɗura wa wanda ya sha guba.

Yadda ake yin sa ya kamata a tsaya a kansa, domin daga nan ne ƙarfinsa da rauninsa duk suka samo asali. Ana samun ƙoƙon kwakwa, ko icce, ko kwal, a ƙona a rufe inda iska ba ta shiga sosai, har damshi da hayaƙi su fice a bar baƙin ƙashin abin. Wannan shi ne gawayin da muka sani. Sai a kai shi mataki na biyu, a busa masa tururi mai zafin digiri 800 zuwa 1,000, ko kuma tun kafin ƙonawa a jiƙa shi da wani sinadari mai ci. Tururin ko sinadarin yana rarake jikinsa, ya bar ramuka da ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. In ka ɗebi sarrafaffen gawayi a tafin hannu, za ka ga tsaki ne baƙi, marar nauyi, yana barin shafi a fata. In ka watsa busasshensa a kofin ruwa, za ka ji yana 'yar ƙara, ƙananan kumfa suna tasowa, iskar da ke cikin ramukan ce ruwa yake korowa. Da za a shimfiɗe bangon waɗannan ramuka, giram ɗaya tak na mai kyau yana kaiwa murabba'in mita 1,000, wato ya ɗara fuloti biyu masu ƙafa 50 da 100. A jikin wannan bango ne wari da launi da kulorin da ragowar maganin ƙwari suke mannewa, ruwa ya wuce ya bar su.

Sai dai ramukan ba girmansu ɗaya ba, kuma a nan ne aikin ya yi wuya. A raba milimita ɗaya gida dubu, kashi guda shi ne maikiromita. A sake raba wannan gida dubu, a sami nanomita. Mafi yawan faɗin nan da muka ambata yana cikin ramukan da bakinsu bai kai nanomita 2 ba. Ƙwayar E. coli kuwa, wadda ake nema a ruwa don a gane ko bayan gida ya taɓa shi, tsawonta kusan maikiromita 2 ne, wato nanomita 2,000. Ta ninka bakin ramin sau dubu, babu yadda za a yi ta shiga. Iyakarta ta liƙe a bayan tsakin, ko ta maƙale a wani babban tsagi, ko kuma ta bi tsakanin tsaki da tsaki ta fito tare da ruwan. Ƙwayar kwalara da ta taifot duk kusan girmansu ke nan.

Abu na farko da nake yaba wa masanan shi ne ba su rufe wannan magana ba. Su ne da kansu suka rubuta cewa sarrafaffen gawayi shi kaɗai ba ya kashe bakteriya. Su ne suka nuna abin da ya fi wannan muni: gawayin yana cire kulorin da ke hana ƙwayoyin cuta hayayyafa, yana kuma tara dattin da suke ci, saboda haka in ya daɗe a jiƙe sai wani yauƙi mai santsi ya lulluɓe shi, bakteriya su mayar da shi gida. Matatar da aka yi sakaci da ita tana iya fitar da ruwan da ya fi wanda aka zuba mata yawan ƙwayoyi. Mutum ya faɗi aibin abin da yake cin abinci da shi, wannan ba ƙaramin riƙon amana ba ne.

Ba su kuma tsaya a faɗin aibin ba, suka shiga neman gyara ta fuskoki da yawa. Wasu suka koma ga ƙera gawayi mai manyan ramuka da bakteriya za su iya faɗawa. Wasu suka lura cewa fatar bakteriya tana ɗauke da cajin lantarki mai korau, sai suka shafa wa gawayin sinadarai masu kishiyar wannan caji don ya fizgo su. Wasu suka liƙa masa ƙurar azurfa ko tagulla, waɗanda ke lalata ƙwayar in ta taɓa su. A 2004 masu bincike daga Jami'ar Banaras ta Indiya da cibiyar Rensselaer ta Amurka suka ƙera matata daga siraran bututun kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi, suka nuna tana tare E. coli, har ma da ƙwayar shan inna wadda ta fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A 2010 ayarin Yi Cui a Jami'ar Stanford suka tsoma ƙyallen auduga a ruwan irin waɗannan bututu da zaren azurfa, suka ratsa shi da lantarki mai ƙarfin bolt 20, suka kashe sama da kashi 98 cikin 100 na E. coli cikin daƙiƙoƙi. A 2014, a wannan jami'a dai, Sanjay Mohanty da Alexandria Boehm suka gauraya gawayin tsirrai da yashi don tace ruwan saman da ke kwarara a tituna, suka ga gaurayen ya fi yashi zalla riƙe E. coli ninkin-ba-ninkin. Suka kuma faɗa a fili cewa in ruwan yana ɗauke da ruɓaɓɓen datti, ƙarfin yana raguwa. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi duk sauran sakamakon amfani gare mu, domin ruwanmu na karkara da wuya ya rabu da irin wannan datti.

A Indiya an kai abin har kasuwa. A watan Disamba na 2009 kamfanin Tata ya fito da matatar gida mai suna Swach, wadda cikinta tokar buntun shinkafa ce da ƙurar azurfa. Ba ta buƙatar lantarki, ba ta buƙatar famfo, kuma an sa mata farashi ƙasa da rufi 1,000. Abin da ya fi burge ni a tsarinta shi ne an ƙera ta yadda in cikin ya tace kimanin lita 3,000, ruwan zai daina sauka, dole a sauya. Waɗanda suka yi wannan tunani sun san mutane. Sun san uwargida ba za ta jefar da abin da har yanzu yake ɗigar da ruwa fari tas ba, ko da ƙarfinsa ya ƙare tun watanni.

Jinjinata mafi girma kuwa ta wasu mutum biyu ce da suka haɗa ilimin ɗakin bincike da hannun magini. A 1981 Fernando Mazariegos, masanin sinadarai ɗan Gwatamala, ya fito da tukunyar tace ruwa. Ana tankaɗe busasshen yumɓu, a tankaɗe garin katako ko buntu, a kwaɓa su tare, a matse a mazubi ya fito kamar tukunyar shuka fure. In ta bushe sai a gasa ta a tanderu mai zafin kusan digiri 900. Garin katakon yana cinyewa, ya bar ƙananan hanyoyi masu karkace-karkace a cikin bangon, a wasu masana'antun kuma, irin su Ecofiltro ta can Gwatamala, ana barin baƙin gawayi a tsakiyar bangon don ya ɗauke wari da ɗanɗano. Kowace tukunya sai an jiƙa ta, an cika ta da ruwa, an auna abin da ta sauke cikin awa ɗaya. Wadda ta sauke tsakanin lita 1 da 2.5 ta ci jarrabawa. Wadda ta fi haka gudu akwai tsagi ko manyan ramuka a jikinta, sai a fasa ta. Waɗanda suka tsira a shafe su da ruwan azurfa, a zaunar da kowace a bakin bokitin roba mai murfi da kan famfo. Ga shi nan, ba waya ba batir.

Bayan guguwar Mitch ta ɗaiɗaita Amurka ta Tsakiya a 1998, wani magini mai suna Ron Rivera, na ƙungiyar Potters for Peace da ke aiki a Nikaraguwa, ya ɗauki wannan tukunya ya sa a gaba. Ya daidaita mazubinta, ya ƙi yarda a mayar da ilimin yin ta sirrin kasuwanci, ya riƙa bin ƙasashe yana koya wa maginan gida, har ya taimaka aka kafa ƙananan masana'antu kimanin 30. Ta ƙarshen da ya yi wa aiki a Najeriya take. A nan ya kamu da zazzaɓin cizon sauro, ya koma Nikaraguwa ya rasu a watan Satumba na 2008 yana ɗan shekara 60. Mutumin da ya baro ƙasarsa don yaranmu su sha ruwa mai tsabta, ya kuma rasa ransa a kan hanyar, bai kamata sunansa ya zama baƙo a kunnenmu ba. A arewacin Gana ma, Susan Murcott ta jami'ar MIT ta kafa Pure Home Water a Tamale a 2005, suka fara da sayar da irin wannan tukunya, daga baya suka gina masana'antar yin ta da yumɓun yankin.

Sai namu na gida. A jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, an daɗe ana sarrafa gawayi daga abin da muke zubarwa: buntun shinkafa, ɓawon gyada, totuwar masara, ƙwallon dabino, ƙwallon aduwa da na goriba. Duk wanda ya san halin da binciken kimiyya yake ciki a ƙasashenmu ya san wahalar da ke bayan kowane kundi. Ɗalibi ya sa samfurinsa a tanderu, wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, ya koma farko. Malami ya ciri kuɗin sinadari daga albashinsa. A aika ɗan ƙullin gawayi wani gari mai nisa don a auna ramukansa, a zauna jiran sakamako. Duk da haka sun tabbatar da abu mai muhimmanci, cewa tsibin buntun da ke bayan injinan casar shinkafa a Kebbi da Kano da Jigawa, wanda ake cinna wa wuta yana turnuƙe unguwa da hayaƙi, dukiya ce da za ta iya shiga aikin tsabtace ruwa. Malamai, Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira.

To amma ranku ya daɗe, aikin bai kai inda aka nufa ba tukuna. Yawancin waɗannan kundaye a kan cire shuɗin rini ko dalma ko wasu ƙarafa suka tsaya, domin gwajinsu ya fi sauƙi da arha. Waɗanda suka taɓa bakteriya kuma sau da yawa da ruwan ɗakin gwaji suke aiki, tatacce garau, a zuba masa E. coli da aka raina a kwalba, a gwada sabon gawayi na awa ɗaya ko biyu. Ruwan kududdufi a watan Agusta ba haka yake ba. Ja ne, da laka, da kashin dabbobi, da ruɓaɓɓen ganye, kuma duk waɗannan suna rige-rigen cike gurbin da ake so ƙwayar cuta ta manne. Gwajin da zai gaya mana gaskiya ba ɓoyayye ba ne. A ɗebo mililita 100 na ruwan da ya fito daga matatar, a zuƙe shi ta wata 'yar farar takarda mai ramukan maikiromita 0.45, a ɗora takardar a faranti mai abincin bakteriya, a rufe a ajiye a ɗumi kwana guda. Washegari duk ƙwayar da ta tsira ta hayayyafa ta zama ɗigo mai launi da ido ke gani, sai a ƙidaya. Abin da muke roƙo shi ne a yi wannan ƙidaya da ruwan rijiyar ƙauye da na jarkar ɗan garuwa, a ranar farko, a sake bayan wata uku, a sake bayan wata shida, da rani da damina, a kuma buga sakamakon ko da bai yi daɗi ba.

A kuma yi hattara da kashi 99 cikin 100, domin lamba ce mai daɗin ji da ke iya yaudarar mai saye. In ruwa yana da ƙwaya 10,000 a mililita 100, abin da ba baƙo ba ne a ruwan tafki, aka cire kashi 99, saura 100. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami E. coli ko ɗaya a mililita 100, haka kuma ma'aunin ruwan sha na Najeriya da aka kafa a 2007 aka sabunta a 2015 ya tanada. Tun 2014 hukumar ta duniya tana da tsarin gwada na'urorin tsabtace ruwan gida. Kafin na'ura ta sami babban matsayi na tauraro uku, sai ta cire kashi 99.99 na bakteriya da kashi 99.999 na ƙwayoyin bairos. Su waɗannan ƙwayoyin bairos su ne ciwon kan masu tace ruwa, domin da yawansu ba su wuce nanomita 30 zuwa 80 ba, suna sulalewa ta inda bakteriya ke maƙalewa, kuma tukunyar yumɓu ba ta tare su yadda ya kamata. Ciwon hanta nau'in E da ya ɓarke a Diffa da wasu sassan Borno a 2017, wanda ya fi yi wa mata masu juna biyu illa, bairos ne da ke bin gurɓataccen ruwa. Wanda ya ƙera matatar da ke tare bakteriya kaɗai ya yi aiki mai kyau, amma wajibi ne ya rubuta a jikinta abin da ba ta iyawa, da Hausa da ajami da hoto, yadda kowa zai gane.

Akwai kuma tambayar da ɗakin gwaji ba ya iya amsawa: bayan shekara guda, matatar tana aiki ko tana bayan ɗaki? A Kambodiya, Joe Brown da Mark Sobsey sun bi gidajen da aka ba tukwanen tace ruwa, suka tarar gudawa ta ragu da kusan rabi a gidajen da ke amfani da su. Labari mai daɗi. Amma sun kuma tarar kowane wata kimanin gida 2 cikin 100 suna daina amfani da ita, galibi saboda ta fashe ko kan famfon ya lalace, babu kuma inda za a sayi wani a kusa. Wannan darasi namu ne kai tsaye. An sha raba kayan tallafi a ƙauyuka da taro da ɗaukar hoto, bayan wata shida babu mai komawa ya duba. Matatar da ba a sayar da kayan gyaranta a kasuwar mako, wadda babu wani a garin da ya iya sauya mata gawayi, kwananta ƙidayayye ne.

Ko da matatar tana aiki lafiya lau, a dubi abin da ke faruwa da ruwan bayan ya fito. An juye shi a randa, an rufe da faifai, an kifa moɗa a kai. Yaro ya dawo daga wasa, ya ɗauki moɗar da ta faɗi ƙasa ɗazu, ya zura hannu har wuyan hannu ya ɗebo, ya sha, ya mayar da ragowar. Duk wahalar da aka sha wajen tacewa ta tafi a wannan zurawa guda. Shi ya sa bokiti mai murfi da kan famfo ba ado ba ne a tsarin Mazariegos, rabin maganin ne. Maginanmu da suka iya randa da tulu za su iya gina randa mai ƙaramin baki da gurbin famfo a gindi, ta riƙe sanyin da ake so, hannu kuma bai shiga ba. Masu bincike su fita daga harabar jami'a su zauna da su. Su zauna da matan gida su ji wane tsari ne zai shiga rayuwarsu ba tare da ya ƙara musu wahala ba, tunda su ne masu ɗawainiyar ruwan.

Wani nauyin kuma na daji ne. Sana'ar gawayi ta riga ta cinye itatuwa masu yawa a ƙasar nan, hamada kuma tana matsowa. Zai zama babban kuskure a ce don za a tace ruwa an ƙara sare kirya da marke. Duk wanda zai koya wa jama'a wannan fasaha ya ɗaure ta da buntu da totuwa da ɓawo tun daga darasin farko. Azurfar ma a sa mata ido, a auna nawa take zuba a cikin ruwan da ake sha, kada ta wuce miligiram 0.1 a lita, a kuma san lokacin da take wankewa ta bar gawayin tsirara.

Masu ganin duk wannan ya fi ƙarfinmu su tuna da kurkunu. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami sama da mutum dubu 650 masu ɗauke da shi a Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan masu cutar a lokacin. Babu allurar rigakafi, babu ƙwayar magani. Babban makamin shi ne ƙyallen tace ruwa, domin ƙwaron da ke ɗauke da tsutsar yana da girman da ƙyalle ke tarewa. Amma ƙyallen bai yi aikin shi kaɗai ba. 'Yan sa-kai na ƙauye sun riƙa bin gida-gida, suna duba wanda ya yage su sauya, suna rubuta duk wanda ya kamu. Cibiyar Carter ta tsaya, Janar Yakubu Gowon ya riƙa zagaya jihohi yana tunatar da gwamnoni da sarakuna. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma aka ba Najeriya da Nijar shaidar rabuwa da ita. Bakteriya sun fi ƙwaron kurkunu ƙanƙanta ƙwarai, shi ya sa muke buƙatar gawayi da yumɓu da azurfa a maimakon ƙyalle, amma bibiyar da aka yi a wancan lokaci ita ce dai ake buƙata yanzu.

Hukumomi ma suna da nasu kason. Kasuwanninmu cike suke da matatun da ake shigowa da su, masu tsakin gawayi a ciki da hoton ruwa mai ƙyalli a kwali, ana sayar wa mutane a kan cewa suna kashe cuta. Ya kamata hukumomin SON da NAFDAC masu sa ido kan ingancin kaya su riƙa ɗauko su daga kanti suna gwadawa, su bayyana wa jama'a wadda ta ci da wadda ta faɗi. Asusun TETFund, da yake tallafa wa bincike a manyan makarantu, ya ware kuɗi don aikin da zai kwashe shekara a ƙauye ana aunawa, ya haɗa masanin sinadarai da masanin ƙwayoyin cuta da ma'aikacin lafiya da magini a tafiya ɗaya. Gwamnatoci kuma kada su fake da matatar gida su yi watsi da nasu aikin. Matata agaji ce kafin famfo ya iso. Ruwan famfo mai kulorin, da rijiyar burtsatse da aka haƙa nesa da masai, da hana bahaya a fili, su ne haƙƙin talaka a kan mai mulki, kuma babu gawayin da zai sauke wannan nauyi.

Kai kuma maigida, ke kuma uwargida, kafin masana su kammala nasu, ga abin da aka riga aka tabbatar. Ruwa ya yi fari, wari ya tafi, ba shi ne shaidar cuta ta fita ba. In kuna tacewa da gawayi, ku tace tukuna, sannan ku tafasa ruwan har ya yi ta ɓararraka, ko ku sa masa kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs bisa ma'aunin da aka rubuta, ku jira minti 30. Kada ku sa kulorin sannan ku bi da ruwan ta cikin gawayi, domin zai cire shi. Ku sauya gawayin a kan lokaci, ku ajiye ruwan a mazubi mai murfi, ku hana yara zura hannu a ciki.